Ni Ce Bakin Yaya

Tun ina yarinya ni ce bakin Yaya. Ita ce babba a ɗakinmu, ni ce auta, kuma Allah ya yi ta da kara irin ta mutanen da. Ko ruwa take so ba za ta ce a ba ta ba, sai dai ta dubi sama ta ce, "Yau ana zafi." Ni kuwa da baki a buɗe aka haife ni. Saboda haka aiki ya rabu tun da wuri, ita ta yi shiru, ni in fassara. In maƙwabciya ta ari tukunya ta manta hanyar dawo da ita, ni ake aikawa. In an ɓata wa Yaya rai a gidan biki, ni ce zan je in faɗi abin da ya kamata a faɗa, har in ƙara da nawa. Da ta haifi ɗanta na fari abin ya ƙaru, don kunyar ɗan fari ta riƙe ta gam. Ba ta kiran sunansa, ba ta zama su yi doguwar magana. "Gaya wa yaron nan," haka take ce mini ko da yana zaune a gabanta, har ya yi gemu ya ajiye iyali.

A Makka aka haife mu. Kakanninmu ne suka zo hajji daga ƙasar Kano, suka ga wuri suka zauna. A unguwar Nakkasa muka tashi, can saman dutse, inda in ka yi tari maƙwabcinka zai ce maka sannu ta bayan bango. Sana'ar Yaya girki ce. Tuwo da miyar kuka, masa, dambu, duk abin da alhaji yake kewa in shinkafar Larabawa ta ishe shi. In lokacin hajji ya zo, ita ce shugabar wasu mata da ake ɗauka aikin abinci, kuma ranar Arfa ce ranar da ta fi kowace wuya a wurinsu. Ko da aikin ya koma hannun kamfanoni, ba a daina nemanta ba. In an ce ana son matan da suka iya abincin mutanenmu, gidan Yaya ake kwatantawa, Hajiya kamar yadda kowa yake kiranta.

Sai rusau ya iso layinmu. Ba zan tsaya a kan wannan ba, don in na fara ba zan gama ba. Kowa ya kama gabansa, wasu Jidda, wasu can bayan gari. Ɗan Yaya ya ɗauke ta ya kai ta gidansa a Rusaifa, bene mai sanyi da tsabta, ya ba ta ɗaki nata ita kaɗai. Ni ma ba nisa na samu wuri, don haka kusan kullum ina can.

A nan ne Yaya ta shiga wani shiru da ban san shi ba. Shirunta na da, akwai magana a cikinsa, ni ce nake tsamo ta. Wannan kuwa in na leƙa ba na ganin komai. Ta rame. Ta zauna bakin taga tana kallon motoci, carbi a hannu amma ba ya motsi. Surukarta yarinyar kirki ce, ta kawo mata abinci, ta taɓa kaɗan ta rufe, ko gishiri ba ta cewa ya yi yawa. Wannan ne ya fi tsorata ni, domin Yayar da na sani ba a kawo mata girkin wani ta ci ba ta tsuke baki ba.

Lokacin hajji ya fara matsowa. Matan da suke aiki a ƙarƙashinta suka dame ni da waya, bana Hajiya za ta fito ko ba za ta fito ba, don kamfani yana jiran amsa, kuma in ba ita ba su san ko za a ɗauke su ba. Ɗanta kuma ya kafe. "Halas, shi ke nan, Hala," ya ce mini, don haka yake kirana, yadda yaran nan suke kiran ƙanwar uwa. "Ta yi wahala ya isa. Ki gaya mata ta huta." Na kai mata saƙon matan, na kai mata saƙon ɗanta. Amsarta ɗaya ce, "Duk yadda aka yi daidai ne." Na san ba daidai ba ne. Ina kallon Yayata tana ƙarewa a kan kujera, kuma ban san abin da zan je in faɗa a madadinta ba.

A cikin kwanakin nan aka gayyace ni wani zama na mata bayan la'asar. 'Yar wata tsohuwar maƙwabciyarmu ta Nakkasa ce za ta yi bayani. Yarinyar a gabana aka yi wa uwarta wankan jegonta, na san ta tun tana yawo da majina. Ta yi karatu, ta yi aikin ofis, daga baya ta je ta koyi wata sana'a da take kira koci, har da takardar shaida. Ta ɗora wa kanta bin gidaje tana wayar wa matanmu kai a kan abin, tun da ba mu san shi ba. Gaskiya shayi da hira suka kai ni.

Hausarta duk ta kakkarye, irin ta yaranmu na yanzu, kalma ɗaya Hausa biyu Larabci. Amma ta dage. Ta ce ita ba malama ba ce, ba ta ba da fatawa. Ba likita ba ce, in ta ga ciwo ne za ta ce a je asibiti. Ba kuma mai sulhu ba ce. Aikinta shi ne ta zauna da mutumin da ya tsaya a mararraba, ko na sana'a ko na rayuwa, ta yi masa tambayoyi, ta saurare shi, har ya ji da kunnensa abin da yake so, sannan su tsara yadda zai taka zuwa can. Kuma abin da aka faɗa a ɗakin, a ɗakin yake zama.

Wata dattijuwa ta ajiye kofinta ta ce, "Wato mu zo miki da tambaya, mu koma gida da tambaya?"

"Aiwa, Hala," in ji yarinyar, tana murmushi. "Amma wadda za ki koma da ita ta fi wadda kika zo da ita."

Aka kwashe da dariya. Wata ta ce ita shawara kyauta take samu a wurin uwar mijinta safe da yamma, ko ba ta nema ba. Ni ma na yi dariyar, amma a hanyar gida maganar mararraba ta tsaya mini a rai. Na ba Yaya labari, ina yi ina kwaikwayon Hausar yarinyar don in sa ta dariya. Ba ta yi dariya ba. Can ta ce, "To, je ki mini mana."

Ban ga wani abu a cikin wannan ba, wallahi. Na shirya na tafi, har da turare. Ɗan ƙaramin ofis ne da kujeru biyu suna fuskantar juna. Na zauna na gyara mayafi na ce na zo ne a madadin Yaya, ga yadda ake ciki, sai ta faɗa mini abin da ya dace in kai mata.

Yarinyar ta saurare ni har na kai aya. Sannan ta ce, cikin ladabi, ba za ta iya ba. In ina so mu zauna a kan lamarina ni, bismilla. In Yaya ce, sai Yaya ta zo.

Raina ya ɓaci, kuma ni ba na ɓoye ɓacin rai. Na ce, "Ke yarinya, a garin nan kike ko a wani gari? Hajji guda ana yi wa mutum a nan. Jifa ana wakilci. Yanka ana wakilci. Auren uwarki ma da wakili aka ɗaura shi. Sai zaman kujerarki ne ya fi ƙarfin wakili?"

Ba ta ji haushi ba, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan. Ta ce, "Sahih, Hala, duk gaskiya ne. Amma wanda aka wakilta jifa ya san inda zai jefa. Mu nan abin da muke nema a cikinta yake. Kin zo da shi?"

"Na zo da shi mana. Tukwanenta take so. Aikinta take kewa. Wa ya san Yaya kamar ni?"

"Ita ta faɗa miki?"

Na laluba baya, shekara da shekaru, ina neman rana ɗaya da Yaya ta dube ni ta ce ga abin da take so. Ban samu ba. Kullum ni ce nake karanta fuskarta in yanke, ita kuma ta bi. Na tashi na ce mata ta gaida uwarta, na fito ina huci.

A gida na ce wa Yaya, "Yarinyar nan ba ta da kunya. Wai sai ke da ƙafarki." Na zaci za ta ce a bar maganar. Sai ta juyo daga tagar ta tambaye ni, "Kika ce ba ta gaya wa kowa abin da aka faɗa?" Na ce haka ta ce. "Har ke?" Na ce har ni. Ta mayar da kanta taga. Bayan 'yan kwanaki na zo na tarar ta saka abaya, takalmanta a bakin ƙofa. Ban tambaya ba, na tare mana mota.

Da muka isa na bi bayanta zan shiga kamar yadda na saba. Yarinyar ta dubi Yaya, ba ni ba, ta ce, "Hajiya, kina so ta shigo ko ta jira?" Yaya ta sunkuyar da kai. Ni har na sa ƙafa ɗaya a ciki. Sai na ji ta ce a hankali, "Ta ɗan jira."

Abin ya yi mini ciwo, ba zan ce bai yi ba. Na zauna a benci a waje kamar wadda ta rako baƙuwa. Ni da na shiga ɗakin haihuwarta, ni da na tsaya a kanta ranar da mijinta ya rasu. Kuma ba sau ɗaya ba, don ta ci gaba da zuwa, mako bayan mako, ni kuma ina bencin nan har mai shara ya san ni. Na gwada tatsar yarinyar, na biyo mata ta nan na biyo ta can, ta yi ta murmushi tana ba ni shayi. Na koma kan Yaya na ce, "Wai me take gaya miki?"

"Ba ta gaya mini komai," in ji Yaya. "Tambaya take yi, sai ta yi shiru. Ban taɓa ganin yarinya mai iya shiru haka ba. Sai ka ji kunya ta kama ka, ka fara magana."

Na yi ta juya wannan a zaman bencin. Mu mutane ne masu taimako, wannan ba ƙarya ba ne. Amma in ka kai wa ɗayanmu damuwa, kafin ka rufe baki ya riga ya san maganinta. Malam zai ba ka addu'a, babba zai ce ka yi haƙuri, ƙawa za ta ba ka labarin wata da irin haka ta same ta. Duk da zuciya ɗaya ake yi. Sai dai mutum irin Yaya, wadda maganarta a hankali take fitowa, kafin ta kai bakinta an riga an ba ta amsa, ita kuma kara ba za ta bar ta ta ce ba nan take nufi ba. Ban taɓa tunanin akwai sana'ar da za a koya wa mutum ya jira wani ya gama tunaninsa ba. Da an gaya mini a da, da na ce zaman banza ne aka yi wa suna.

Na fara ganin canji kaɗan-kaɗan. Wata rana ta ce wa surukarta miyar ba ta nuna ba, yarinyar ta fito falo tana murna kamar an yi mata kyauta. Amma maganar aiki shiru, kuma matan suna ta kira.

Wata Juma'a bayan an ci abincin rana ta ce in kira mata biyu daga cikin manyan matan nan, in kuma ce wa yaron nan ya zauna kada ya fita. Da kowa ya hallara a falo, na matsa kusa da ita na karkata kunne, don haka muke yi, ta faɗa mini ƙasa-ƙasa ni in ɗaga murya. Ta ɗora hannu a gwiwata ta ce, "Zauna. Yau ni zan faɗa."

Ta dubi ɗanta ido cikin ido, abin da ban taɓa gani ba. Shi ma ya rasa inda zai sa idonsa. Ta ce, "Ba aiki nake so ba, kuma ba hutu nake so ba. Hajji nake so in yi."

Ɗaya daga cikin matan ta ce, "Allah ya maimaita mana, Hajiya," don ta zaci ƙari ake nufi.

"Ba maimaici ba ne," in ji Yaya. "Ban yi ba."

A gidanmu kowa ya san labarin shekarar da Yaya ta yi hajji tare da Inna, har ana ba da labarin yadda ta ɓace a Mina aka same ta tana cin dabinon wasu Turkawa. Ba wanda ya taɓa tsayawa ya tuna cewa a lokacin ƙaramar yarinya ce, ba ta balaga ba, kuma malamai sun ce hajjin yaro ba ya ɗauke na farilla. Ita ta sani. Ta ce tun tana amarya ta ji wani malami ya faɗa, ta ƙudura za ta yi baɗi. Baɗi ta zo da goyo. Wata baɗin ta zo da aiki. Daga nan kowace shekara tana Arfa, amma a bayan tanti, gaban tukunya, in rana ta faɗi alhazai su wuce Muzdalifa ita tana kankare ƙanzo. In ta ce za ta ajiye aikin shekara ɗaya, ga matan da abincin 'ya'yansu yake rataye a kwanakin nan.

Ɗanta ya ce, "Ummi, lesh? Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Da wane baki? Tun kana goye ake ce mini Hajiya. Mutane suna sayar da gona su zo daga nesa, ni ina nan ina jin kiran sallar Harami daga ɗakina." Ba wanda ya katse ta, har ni. "Da aka rushe gidan nan na zauna na ga ƙarfina yana tafiya. Na ce to, haka zan mutu. Kuma ko wanda zai yi mini bayan raina babu, tun da ba wanda ya san ana bina. Ni kuma ba na so a yi mini. Da ƙafata nake so."

Sannan ta juya ga babbar cikin matan ta ce ita za ta riƙe aikin bana, ta iya, ta daɗe da iyawa. Ta ce da bakinta za ta gaya wa mutanen kamfani. Ashe duk sun tsara wannan a ɗakin nan mai kujeru biyu, wa za ta fara gaya wa, me za ta ce, yaushe. Ɗanta ya tashi ya durƙusa ya kifa kansa a cinyarta, ƙato da shi yana kuka. Ta ɗaga hannu kamar za ta janye, sai ta ɗora shi a kansa.

Ni kuwa abu biyu suka haɗu mini, daɗi da kunya, na rasa wanda zan fara ji. Da an bar ni, da na mayar da ita gaban tukunya ina ganin na yi mata gata.

Tun daga lokacin nake bin yarinyar nan in za ta yi wa mata bayani, ina gyara mata Hausa. Har yanzu ana yi mata dariya, kuma har yanzu wasu suna aiko ƙanne da 'ya'ya su zauna a madadinsu. In na ga irinsu nakan ce, "Koma ki turo mai abin. Ni ma an kore ni, ban mutu ba." Ba na ba da labarin Yaya a wurin, sai yanzu da ta ce in rubuta. Ba kuma na ce wa kowa abin magani ne na komai. Akwai wadda ta je ta dawo ta ce ita ba ta ga amfaninsa ba, kuma ban yi mata musu ba.

Ɗanta ya nema mana tasrihi, wato izinin hajji, Allah ya sa ya fito, ni da ita. Ranar Arfa muna cikin tanti aka kawo abincin rana a 'yan kwalaye. Na zuba ido in ga yadda za ta yi. Ta buɗe, ta ci, ta yi hamdala, ba ta ko tambayi wa ya dafa ba. Bayan la'asar, da rana ta yi sanyi, ta ce mu fita waje. Muka samu gefe muka fuskanci alƙibla. Na ɗauko ɗan littafin addu'o'i zan riƙa karantawa tana amsawa, sai na ga ta riga ta ɗaga hannu. Da Hausa take yi, a fili, muryarta tana fita sarai, tana jero wa Ubangijinta abin da take so ɗaya bayan ɗaya, hawaye yana bin fuskarta. Na ji ta ambaci ɗanta da sunansa. Sai na rufe littafin, na ja da baya, na ƙara ja, har inda ba na jin abin da take cewa.